Ranar da Na Danna F10 a Laftof ɗin Adda

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina son in manta, da ranar da na je intabiyu a Dawaki ɗauke da laftof ɗin aro.

Lokacin shekarata biyu da gama bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a unguwar Shamaki cikin Gombe, ba aikin fari ba na baƙi, sai cin tuwon Inna da koyon rubuta manhaja. Abin da nake tinƙaho da shi kuwa shi ne gajerun hanyoyin kibod. In danna F9 jan ɗigo ya fito a layin da nake son manhaja ta tsaya, in danna F5 ta tashi, in danna F10 in bi ta layi-layi har in kamo inda kuskure ya laɓe. Maus kuwa na daina taɓa shi, har kallon tausayi nake yi wa masu amfani da shi. (Allah ya yafe mini, na taɓa ce wa wani abokina maus na masu buga katin biki ne.)

Sai ga wani ƙaramin kamfanin manhaja a unguwar Dawaki yana neman mutum ɗaya, na nema, aka kira ni intabiyu. Shugabar wurin, Madam Rifkatu, ta taɓa koyar da mu a wata bita, kuma duk wanda ya zauna a ajinta ya san ta da abu guda. Ka gama zuba bayani, sai ta zame tabarau zuwa kan hanci ta ce, "To, sai me?"

Ana jibi intabiyu gilashin laftof ɗina ya mutu. Yayata, Adda Hauwa, ta ba ni nata, har da gargaɗin kada in cika mata shi da tarkace. Na zuba duk kayan aikina a ciki, amma ban gwada maɓalli ko ɗaya ba. Ni da nake ganin kaina gwani, me zan gwada? Maimakon haka sai na ɓata yammacin ina naɗar muryata a laftof ɗin don in ji yadda zan yi magana. Ni ne mai tambaya, ni ne mai amsa, kuma muryar Madam na ara wajen tambayar.

Ranar intabiyu aka haɗa laftof ɗin da majigi da lasifika. Madam ta ba ni wata manhaja ta fitar da sakamakon jarrabawar ɗalibai, wadda kullum take tsallake ɗalibin ƙarshe. Ta turo mini maus, na tura mata abinta cikin ladabin ƙarya.

"Na gode, Madam, ba na amfani da shi."

Har wurin shafa yatsa na laftof ɗin, mai yin aikin maus, na kashe a gabanta da ma'aikatanta biyu, don dai a san da wa ake yi.

Na danna F9, jan ɗigo bai fito ba. Na danna F5, sai fitilar kibod ta kama. Mai hankali a nan zai tsaya, ni kuwa yatsuna sun riga ƙwaƙwalwata tafiya. Na danna F10.

Sai ga muryata ta cika ofishin, a maƙe, ta hanci: "To, sai me? Kai yaro, sai me?" Sannan muryata ta gaske ta amsa da isa: "Madam, a duk faɗin Gombe babu mai saurina."

Ashe laftof ɗin Adda irin waɗanda layin sama na kibod ɗinsu na sauti da haske ne, sai ka riƙe wani ɗan maɓalli mai suna Fn kafin su yi aikin da na saba. Ban sani ba a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne dole in kashe muryar nan. Na kai hannu wurin shafa yatsa, na tarar ni da kaina na kashe shi. Na danna F8, sauti ya ƙaru. Na danna F11, ya tsallaka zuwa naɗi na biyu, inda nake cewa albashin da za su ba ni ma sai na yi shawara, Adda kuma tana kira daga tsakar gida: "Kai gwani, in ka gama da Madam ɗin ka zo ka kwashe kwanukan nan."

Ma'aikata biyun da ke zaune tare da Madam suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa ba dariyar ce ta dame ni ba. Inna na tuna, wadda ta tsaya a zaure da safe tana yi mini addu'a, da yadda zan koma in ce mata na zubar da aikin da bakina.

Madam ta miƙo yatsa ɗaya ta danna F10, wuri ya yi tsit. Ta zame tabarau zuwa kan hanci, ta dube ni.

"Ka iya muryata, ba laifi," ta ce. "To, sai me?"

Na ce, "Madam, ki yi haƙuri. A ara mini maus ɗin."

Ta turo shi. Da shi na sa jan ɗigon, da shi na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, har na gano ƙirgar ɗaliban tana tsayawa saura mutum ɗaya. Na gyara, sunan ɗalibin ƙarshe ya fito a bango.

"Sauri ba ya burge ni," in ji ta. "Na ga dai da ka ji kunya ba ka gudu ba. Ka zo ranar Litinin mu gwada ka na wata uku."

Yau shekarata ta biyu ke nan a wurin. Har yanzu ina son gajerun hanyoyina, amma duk kwamfutar da ba tawa ba sai na gwada maɓallanta a hankali, sauti a kashe, kafin in buɗe baki. Maus ɗin nan kuwa yana kan teburina, Madam ta ce in riƙe. A ofis babu wanda ya san ni da sunan da aka raɗa mini. Ko mai kawo mana fura, in ta leƙo, cewa take yi, "Ina Sai Me?"