Jan Baki da Sandar Sosa Baya

"…To sannu da dawowa, Halmoni. Na ɗauka kasuwar ce ta saye ki."

"Ta taya, kuɗinta ne bai kai ba. Karɓi kayan nan, kin tsaya kina kallona kamar ba ki taɓa ganin kyakkyawa ba."

Mira ta karɓi jakar daga hannun kakarta, wadda take kira Halmoni, wato kaka a harshensu. Tun da annoba ta rufe makarantu a wannan bazarar, jami'ar da take koyar da ilimin tsirrai a garinsu Jinju ta tattara ta koma cikin kwamfuta, ita kuma ta tattara ta koma ɗakin da ta tashi a ciki. Tsohuwa Oksun ita ta raine ta, kuma tun Mira na koyon magana ba su taɓa wuni ba su tsokani juna ba. Ranar da ka ji gidan shiru, to ɗaya ba ta da lafiya.

Tsohuwar ta cire takunkumi, ta wanke hannu, ta shiga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, da gangan take jan lokaci.

"Ga awara. Ga albasa. Ga busasshen kifi."

"Ina saƙona?"

"Wane saƙo?"

"Jan bakin, Halmoni."

"Au, jan baki. Tun kina 'yar makaranta nake roƙon ki ki shafa wani abu a fuskar nan ko a samu mai tayawa, kika ƙi. Yau da aka kulle kowa a gida, ba mai ganin ki sai ni da tulun kimchi, kabejin nan namu mai tsami, shi ne kike neman jan baki. Faɗa min, wane marar sa'a ne?"

"Ke zan yi wa kwalliya."

"Ni? Na ga abin da ya fi ki. Lokacin da nake budurwa, in na bi ta gadar kogin Nam, kifaye leƙowa suke yi su gaishe ni."

"An ba ni labari. An ce leƙowa suke yi su ga abin da ya firgita agwagi."

"Ji 'yar kwikwiyar nan. Ni na wanke miki kashi, yau ni kike yi wa haushi."

Tsohuwar ta zura hannu a aljihun rigarta ta fito da jan bakin. Mira ta buɗe. Ja ne wur, irin na barkonon da ake shanyawa a kan rufi.

"Na ce wa yarinyar shagon ta ba ni wanda ake hangowa tun daga birnin Busan," in ji tsohuwar. "Ta ce na wa ne, na ce na wata farfesa ce da ta auri akwatin kwamfuta."

Da a wata ranar ce, da Mira ta rama. Yau ba ta rama ba, ta zauna a bakin tebur tana juya jan bakin a hannu. Tsohuwar ta dube ta, ta ja matashi ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Wani ɗalibina ne zai bar darasina yau."

Dowon sunansa, ɗan shekarar ƙarshe, kuma kurma ne, ba ya ji. Da bakin mutum yake gane magana. Da ana shiga aji, kujerar gaba yake zama, idonsa a kan leɓen malami, kuma kaf ajin ba wanda ya kai shi sanin ganye. Yanzu yana gidan iyayensa masunta a tsibirin Namhae, yana kallon Mira ta wata 'yar taga a kwamfuta. Na'urar da ke rubuta magana a ƙasan hoto kuwa, da ta ci karo da sunan tsiro sai ta rikice ta zubo shirme. Tun makon farko ya rubuto cikin ladabi cewa ba ya ganin bakin Malama sosai. Mira ta sayo fitila. Ya sake rubutowa, ta sauya kyamara. Ta juya tebur ya fuskanci taga. Tana tura masa darasi a rubuce, amma rabin makin na tattaunawar cikin aji ne, shi kuwa a nan ake barin sa a baya. Jiya ya rubuto cewa kada Malama ta ƙara wahalar da kanta, zai halarci darasin yau ya yi sallama, sannan ya janye kafin a rufe janyewa da yamma. In ya janye, ba zai kammala bana ba, aikin gandun daji da aka yi masa alkawari kuma ya wuce shi.

Abin ya tsaya wa Mira a rai. Tana jin kunya, tana kuma jin haushin kanta, don ta rasa inda gizo ke saƙar. Ta kwashe labarin duka ta faɗa wa kakarta.

"Shi ne na ce ko in na shafa ja zai fi ganin leɓen," ta ce.

"To shi yaron bai ce ga abin da ke damun bakin ba?"

"Ɗalibi ne, Halmoni. Zai dubi malamarsa ya ce ga laifinki?"

"Da ni ce da na faɗa."

"Ai shi ya sa ba a taɓa ɗaukar ki a jami'a ba."

"Sun nema. Na ce ba ni da lokacin yara. Kunna min in ga wannan bakin da ya gagari fitila."

Mira ta kunna darasin shekaranjiya da ta naɗa. Tsohuwar ta maƙala tabarau, ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin. Ta zuba ido tana kallo. Can sai ta fara gyaɗa kai, fuskarta ta cika da alfahari.

"Kin gani ko? Duk rashin kunyarki, tarbiyyata ba ta faɗi ƙasa ba."

"Wace tarbiyya kuma?"

"Dubi nan. Za ki yi murmushi, kin rufe baki. Nan ma, wani ya yi tambaya, kin kare baki kafin ki amsa. Haka 'yar mutunci take. 'Yan matan yanzu su wangale baki har kana hango abin da suka ci da safe. Amma jikar Oksun? Ko haƙori ɗaya ba a gani ba."

Mira ta matso kusa. Ta mayar da hoton baya, ta kashe sautin, ta sake kallo. Ga ta nan, da ta fara jimla sai hannun dama ya taso ya tsaya a gaban leɓe. Ya sauka, ya sake tasowa. A aji hannu ɗaya na riƙe da alli, ɗaya na riƙe da reshe ko littafi, ba su da sukunin yawo. A nan kuwa hannuwan zaman banza suke yi, ga kuma fuskarta a gefen allon kwamfutar tana kallon ta, da haƙorin nan nata guda da ya hau kan ɗan'uwansa, wanda take jin kunyarsa tun tana yarinya. Ta sayi fitila ta haska bayan hannunta, ta sayi kyamara ta ɗauki bayan hannunta da kyau.

"Halmoni," ta ce a hankali, "ke ce."

"Ni ce me?"

"Ke ce kika hana yaron nan kammala jami'a."

"Ni da ban taɓa taka Namhae ba?"

"Wa ya riƙa buge min baki da cokali in na yi dariya a kan abinci? Wa ke cewa mace ba ta nuna haƙori?"

"Don haƙoran naki ba na nunawa ba ne. Taimakon jama'a na yi."

"A wurinki na gaje su."

"Ƙarya kike. Nawa jere suke reras. Na kakanki kika ɗauko, shi da yake cin tuffa ta tsakanin shinge."

"Ina naki suke yanzu, mu gani?"

"Sun yi ritaya. Sun yi wa ƙasa aiki."

Ta faɗi haka ne hannunta a kan baki, kamar yadda take yi tun kafin a haifi uwar Mira. Amma murmushin bai daɗe ba. Ta sake duban hoton da ke motsi ba sauti, ta ga jikarta tana ta magana a bayan tafin hannu, ta gwada gane ko kalma ɗaya ta kasa. Ta juyo ta dubi Mira.

"Haka yake gani kullum?"

"Haka yake gani."

"Yaron kirki," in ji tsohuwar. "Ya yi haƙuri da ke."

Lokacin darasi ya matso. Mira ta shafa jan bakin, tunda an riga an saya. Ta gwada zama a kan hannuwanta, ta fara gaisuwa, kafin ta kai ƙarshen jimla na dama ya zame ya taso. Ta riƙe kofin shayi, sai kofin ya tafi bakin. Abin da aka dasa da cokali shekara da shekaru ba ya tsiguwa da safiya ɗaya, kuma Mira ta fara jin hawaye na taruwa.

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki, ta dawo da sandar gora da take sosa baya da ita, mai ɗan lanƙwasasshen kai kamar yatsu. Ta ja matashinta gindin tebur, inda kyamara ba ta kaiwa, ta zauna ta gyara zama.

"Me za ki yi?"

"Ni na saka, ni zan cire. Koyar da darasinki."

"Halmoni, ɗalibai ne fa a gabana."

"Ni ma ɗaliba ce a gabana. Daƙiƙiya ma kuwa."

Tagogin ɗalibai suka fara buɗewa a kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Dowon na can a kusurwa, cikin riga mai tsabta kamar mai zuwa sallama da gaske, bayansa ragar kamun kifi a rataye. Mira ta sunkuya ta gaishe su, ta ɗago, ta fuskanci kyamara sosai. Ta ɗauko reshen kameliya ta fara bayani. Hannun ya taso.

Ƙwas.

Ta sauke shi, ta ci gaba. Wata ɗaliba ta yi tambaya, Mira ta yi murmushi, hannun ya taso.

Ƙwas.

"A hankali mana," ta ce ta gefen baki.

"Haka na ce wa uwata, ba ta ji ba," in ji murya daga ƙarƙashin tebur.

A karo na gaba kan sandar ya leƙo cikin hoton, ya kamo wuyan hannun Malama ya ja shi ƙasa. Ɗalibai suka fara sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Mira ta ga ba makawa, ita ma dariyar ta ƙwace mata, kuma sandar na tsaye a kan hannunta ba damar rufewa. Ta yi dariyarta baki buɗe, da jan baki da karkataccen haƙori da komai, a gaban aji guda. Ba wanda ya suma.

Da aka zo tattaunawa, ta roƙi kowa ya kunna kyamara, ya matso, ya yi magana ɗaya bayan ɗaya. Ta jefa tambaya a kan dalilin da ya sa ganyen bakin teku ke da kauri. Ba a rufe baki ba amsar Dowon ta faɗo a rubuce, doguwa, har da misalin bishiyar da ke bayan gidansu. Rabon da ya sa baki a tattaunawa tun ana shiga aji.

Aka tashi, tagogi suka rufe, tasa ta rage. Mira ta zauna tana jira. Rubutu ya fito.

"Malama, yau na ga kowace kalma. Ba zan janye ba."

Ta karanta, ta sake karantawa. Sai wani ya biyo baya.

"In ba damuwa, ina so in gode wa sandar."

"Halmoni, taso. Ana kiran ki."

"Ni? Ban taje kai ba."

"Ke da kifaye ke gaisarwa?"

Mira ta kamo ta ta zaunar da ita a kujerar. Dowon ya miƙe tsaye ya sunkuya har kansa ya fita daga hoton. Tsohuwar ta ji kunya irin wadda Mira ba ta taɓa gani a fuskarta ba, dariya ta taso mata, hannunta ya tafi baki.

Ƙwas.

Tsohuwar ta juyo ta dubi jikarta, ta dubi sandar da ke hannun jikar.

"Ni kika buga?"

"Ba ya ganin bakinki, Halmoni."

Tsohuwar ta juya ga kwamfutar. Sannan ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa, ta fuskanci yaron, ta buɗe bakin nan da haƙoransa suka yi ritaya, ta ce a hankali, kalma bayan kalma, "Ɗana, ka ci abinci?"

Dowon ya gyaɗa kai da sauri, idonsa ya ciko. Ya rubuto, Mira ta karanta mata: "Na ci, Halmoni. Shinkafa da miyar kifi."

"Ya gane ni," in ji tsohuwar. Dariya ta kama ta sosai, ta yi ta yi har da dafa tebur, hannun kuma bai tashi ba. Da ta lafa ta share ido da gefen riga. "Shi ke nan, 'yar kwikwiya, kin ci. Riƙe sandar, na ba ki."

"Ke da me za ki sosa baya?"

"Ina ce ina da jika? Miƙo min jan bakin nan. Tunda za a riƙa ganin bakina, gara a gan shi da kyau."