Wa'azin Ƙafar Maciji a Makokin Baba Ishaya

Ba zan taɓa mantawa da zaman makokin Baba Ishaya ba. Na tabbata mutanen Gummi da suka halarta su ma ba su manta da ni ba, sai dai ba da alheri ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne. Ban daɗe da gama jami'a a Sakkwato ba aka turo ni koyar da kimiyyar halittu a wata sakandare a Gummi. Ni Kirista ne, ɗan mai wa'azi ma kuwa, amma na dawo daga karatu kaina ya kumbura kamar kabewa. Majami'armu ƙarama ce, ko mun taru kaf har da goyo ba mu cika ta. Lokacin shari'a ba ta daɗe da farawa a jihar ba, kullum dattawanmu faɗa suke a kama baki a zauna lafiya da maƙwabta. Kama baki kuwa ba ya cikin darussan da na ci a jami'a.

Baba Ishaya dattijon ikilisiya ne, manomin shinkafa a fadama, kuma abokin gardamata. Kowace Lahadi bayan sujada sai mun kafa ta a gindin darbejiya. Shi ya ce cikin kwana shida Allah ya yi duniya, kwana irin namu, rana ta fito ta faɗi. Ni in ce miliyoyin shekaru ne, halittu sun yi ta rikiɗa sannu a hankali, mu da birai ma kakanmu ɗaya. Sai ya kyalkyale da dariya ya ce, "Kai ka san danginku, Malam. Ni dai kakana Adamu na." Kowa ya kwashe da dariya, ni kuma in koma gida abin na cina a rai. Ko sau ɗaya ban taɓa kayar da tsohon nan ba.

Da kaka, yana yankan shinkafa, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Maƙwabcinsa na gona, Malam Umaru, shi ya ɗora shi a amalanke ya kawo shi gari. Jini ya ƙi tsayawa, ta hanci, ta dasashi. Aka yi na asibiti, aka yi na gida, rai ya yi halinsa.

Bayan an binne shi Fasto ya wuce wata jana'iza wajen Bukkuyum, zaman makoki ya rage a hannun dattawa. Da yamma suka ce a yi gajeriyar addu'a a tsakar gida, kuma tun da ni ne mai karatu, in faɗi kalma biyu ta ta'aziyya. Kalma biyu fa suka ce. Matan zumuntar majami'a suna gefe guda sun sa matarsa, Inna Saratu, a tsakiya. Babban ɗansa Yohanna yana kusa da ni. Maƙwabta Musulmi da suka zo gaisuwa, har da Malam Umaru, suna zaune a tabarma bakin zaure, ba su tashi ba saboda kara.

Na fara da kyau, wallahi. Na buɗe Littafin Farawa, wurin da ake tuna wa mutum cewa daga ƙasa aka yi shi kuma can zai koma. Mutane suna gyaɗa kai. Sai idona ya hau sama kaɗan, ya faɗa kan inda aka la'anci maciji aka ce zai riƙa jan ciki. (Kada ku ɗora wa Shaiɗan abin da ya biyo baya, ina jin shi ma kunya ta kama shi ranar.) Wani abu ya ce mini ga jama'a, ga Littafi a hannu, kuma yau babu mai katse ka da dariya.

Na gyara murya na ce, "Jama'a, ya kamata mu fahimci wannan wuri da ilimi. Maciji bai rasa ƙafa a rana ɗaya ba." Na bayyana musu cewa kakannin macizai suna da ƙafafu, shekaru ne suka shafe su, har yau in an feɗe mesa za a ga guntun ƙashin. A gidan mutumin da maciji ya kashe fa nake wannan bayani. Na ga wani dattijo yana yi mini alama da ido, na ɗauka jinjina ce. Na zarce, na ce labarin gonar Adnin misali ne, kwana shida misali ne, Adamu kansa misali ne. Har na ce, Allah ya yafe mini, "Marigayi bai yarda da wannan ba, amma gaskiya ba ta canzawa." Ga ni tsaye ina cin gardama a kan wanda ke kabari.

Sai Inna Saratu ta janye mayafi daga fuskarta. Muryarta ta dishe saboda kuka, amma kowa ya ji ta.

"Tsaya, ɗana. Na ji macijin misali na, Adamu ma misali na. To tashin matattu fa? Shi ma misali na? Zan sake ganin maigidana, ko ba ni ganinai?"

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, na gaskata da tashin matattu. A lokacin na gaskata, yanzu ma na gaskata, kuma ban daina koyar da darasina a aji ba. "I, Inna, za ki gan shi" kawai ake nema. Amma bakin da ya saba da gardama bai iya gajeriyar amsa ba. Na ji kaina ina cewa, "To Inna, wannan kuma muhawara ce ta daban, don masana sun..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta mayar da mayafin ta rufe fuska, ta saki wani irin kuka da ko a bakin kabari ba ta yi shi ba. Malam Umaru ya miƙe, bai ko dube ni ba, ya ce, "Allah shi ba ku haƙuri, Inna." Ya sa takalmi, sauran maƙwabta suka bi shi. Yohanna ya zare Littafin daga hannuna a hankali ya rufe. Da ya mare ni da na fi jin daɗi. Na tsaya tsuru-tsuru, na rasa ta inda ake fita gidan da na sha shiga.

Daga baya na koma na ba Inna Saratu haƙuri, ta ce, "Ba komai, ɗana." Amma matan zumunta sun gaya mini ta daɗe tana tare Fasto da tambayar nan. Ya amsa mata, ta tafi, wani mako ta dawo ta sake yi. Abu ɗaya tsohuwar nan ta rage da shi bayan mijinta, ni kuma na je na girgiza shi don in burge mutane.

Bayan wasu shekaru ita ma ta rasu. Yohanna ya same ni a makaranta, ya ce, "Inna ta bar saƙo. Ta ce ka zo, ka kama haƙa, ka kama ɗaukar gawa. Amma kada kowa ya ba ka magana."

Na je. Na yi haƙa har tafin hannuna ya yi kanta, ban ce uffan ba. Tun daga nan, in zan shiga gidan makoki, a bakin ƙofa nake tuɓe digirina tare da takalmi. In ce Allah ya ba da haƙuri, in nemi gefen tabarma in zauna.