Tarbar da Na Yi wa Baƙon Mangwaro

Lokacin da kuɗin fetur ke yawo, mai gari ya ce wani malamin jami'a zai zo duba mangwarona a Sabuwa. Hankalina ya tashi, don jajayen tururuwa sun cika itatuwan. Baƙon gwamnati ya sha cizo a gonata? Ina zan sa kaina! Na ɗaura wuta a gora na babbake gidajensu tas, har ina yaba wa kaina.

Malamin ya iso, ya daɗe yana kallon rassa.

"Malam, ina tururuwan? Su na zo gani. Su ke kore wa mangwaro tsutsa."

Na ce, "Sun yi tafiya."

Shekarar nan tsutsa ta cinye mangwaron. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ce, "Alhaji, matafiyan sun dawo?"