Ranar da Aka Daka Barde da Taɓarya

Ba zan taɓa mantawa ba, ni ce na jawo aka kashe kakan kakata, a gaban idonta, ranar ƙunshin bikin 'yar kawuna a Kahu.

Ku tsaya in yi bayani kafin ku kira 'yan sanda. Bayan na gama sakandare a Rano na koyi wani wasa a waya. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda, a rubuta ƙarfinsa da jininsa da lamba a takarda. In za ka kai sara sai ka jefa ƙwayar ludo. Jini ya ƙare, ka mutu. Ni ce mai labarin (ba don na fi iyawa ba, na dai fi kowa baki).

Matsalata Iya ce, kakata. Ta ce caca muke yi, ta rantse in ta sake ganin ƙwayar sai rijiya, takarduna kuma sai murhu. Wata huɗu ina rubuta su! Sai na yi dabarar saka kakanta, Barde Tanko, a wasan. Tun muna yara take cika mana kunne da shi: shi kaɗai ya tare mahara a duwatsun Rurum, ƙarfe ba ya cin jikinsa. Na ce in ta ga an karrama shi za ta sauko.

Kwana biyu ina shirya takardarsa. Na ba shi jini talatin, sauran biyar-biyar. Na rubuta da jan biro: takobi, mashi, kibiya, duk ba sa kama shi. Shirina shi ne ya zubar da jaruman 'yan wasan, ya yafe musu, Iya ta yi murmushi.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mata sun cika, ƙafafu ɗaure cikin lalle, ba mai iya tashi. Iya ta zauna tana hararata. Na yi wa Barde kirari, na ga ta gyaɗa kai. Takubba biyu suka karye a jikinsa. Na fara numfashi.

Sai Zulai, ƙanwar amarya, wadda jarumarta mai dakan fura ce, ta ce, "Ni da taɓarya zan maka masa."

"Ke, makami ba ya kama shi."

"Karanta takardarki, malama. Taɓarya ƙarfe ce?"

Akwai dokar da na kafa da bakina, na kuma sha sa mutane kuka da ita: shida na cin jini goma, sannan a sake jefawa. Zulai ta jefa. Shida. Ta sake. Shida. Wallahi ban taɓa kai wa Allah kuka a kan ƙwayar ludo ba sai ranar. Ta sake.

Da shida ta uku ta fito, wata gwaggo ta leƙo ta ce, "Inna lillahi, ya rasu?"

Na ce, "Suma ya yi."

"Ƙarya! Jini ya ƙare mutuwa ce, ke kika faɗa," in ji Zulai.

Iya ta miƙo hannu, na ba ta takardar Barde, ta duba ta ce:

"Ke 'yar nan, mutumin da ya gagari mahara kika kawo gidan biki aka daka shi kamar gero? Wa ya auna miki jininsa? Da mudu?"

Har amarya sai da ta goge hawaye da bayan hannu don dariya. Ni ko na so ƙasa ta tsage.

Takardar Barde kaɗai ta sha wuta. Ƙwayar kuma Iya ta ƙulle ta a bakin zani, sai bayan biki ta maido mini, bisa sharaɗin kada in sake rubuta shi. Yanzu a wasanmu ba a ganinsa. Sawun doki kawai, da haniniya daga bayan dutse, kowa ya ranta a na kare.

Na gane dai, gwarzo ba a ba shi lamba, don duk abin da aka ƙirga, Zulai za ta iya kashe shi. Har yau in na shiga Kahu sai in ji ana cewa, "Ga ta nan, kowa ya ɓoye kakansa."