Rasuwar Malam Dogo, Madubin Hangen Wata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Sharafaddeen mai gadi, mazaunin Bin Omran a Doha, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar madubina na hangen wata, wanda muke kira Malam Dogo. Ya cika a kan rufin gidanmu ranar ashirin da tara ga watan azumi, gab da magariba, yana tsaye a kan ƙafafunsa uku.

Marigayi haifaffen Japan ne. Wani injiniya ɗan can da na yi wa gadi ya bar mini shi da zai koma gida. Ya zo cikin akwati mai zane a murfi: cikakken wata ya leƙo ta bayan dogayen ciyayi, ga jerin tsuntsaye suna wucewa. Injiniyan ya ce mutanensu zomo suke gani a jikin wata. Ni dai na duba har wuyana ya ƙage, ramuka kawai na gani.

Malam Dogo bai taɓa neman caji ba, bai taɓa tambayar kowa wane ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ba. Ɗan Nepal, ɗan Kenya, Bahaushe, duk wanda ya sunkuya sai ya nuna masa. Magana ɗaya ya iya a duniya: in an juya wuyansa ya ce "ƙiiit", ya yi shiru.

Babban alherinsa a kaina ya yi shi. Na bar 'yata Mufeeda a Gusau tana koyon tafiya. Ta tashi ta san ni a fuskar waya kawai. In na kira, sai ta gaishe ni kamar baƙo ta miƙa wa uwarta. Ranar da na ɗora waya a idon marigayi na tura mata hoton ramukan wata, ita da kanta ta sa aka kira ni. Tun daga nan ba ta bar ni na huta ba. Ina 'yan sama jannati suka taka? Me ya sa babu iska a can? Zomon nan ina ya ɓuya? Na koma ina tare ɗaliban ƙasarmu masu karatun kimiyya a ƙofar masallacin Juma'a, ina kwasar amsa ina kai mata. A kan zancen wata ta fara ce mini Baba ba tare da an tuna mata ba.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Bashiru direba, abokin ɗakina, ya ci alwashin shi zai fara ganin jinjirin watan Sallah, ya riga mutanen garinsu kai labari. Ya hau da marigayi sama, ya cire masa murfi, ya saita shi yamma tun rana ba ta faɗi ba, ya sauka alwala. Rana ta gangaro ta shiga idon Malam Dogo kai tsaye. Muna hawa muka tarar da hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Mun garzaya da shi Sanaiya, unguwar masu gyare-gyare, mai gyara ya leƙa ya girgiza kai. Mun gode Allah da ba idon Bashiru ba ne a wurin. Na yafe masa da baki, zuciya tana nan tafe. Watan ma ba a gan shi ba ranar, azumi ya cika talatin.

Ya rasu ya bar ƙafafu uku, murfi ɗaya, akwatinsa mai zane, da Bashiru, wanda yanzu ba ya iya haɗa ido da ni. Ya bar Mufeeda, wadda ba ta sani ba tukuna. Ina tsoro, wallahi. Ina tsoron ta koma gaishe ni ta miƙa wa uwarta waya.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a bayan la'asar a motar Bashiru, zuwa wurin masu sayen tsoffin ƙarafa a Sanaiya. Zaman makoki a kan rufi, akwai shayi. Akwatin za a aika Gusau. Ana roƙon jama'a kada kowa ya kai ta'aziyya gida, domin jiya Mufeeda ta turo saƙon murya cewa wata ya kusa cika, tana jiran hotonsa, ni kuma ban amsa ba. Duk mai zuwa gaisuwa da ya san abin da uba ke ce wa 'yarsa in babu wata, don Allah ya taho mini da shi.