Ranar da Na Kai Ƙarar Kaina Jami'a

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa a gaban malaman jami'a ba, ni da karatuna ya tsaya a firamare.

'Yata Rifkatu tana shekarar ƙarshe a jami'a aka ba ta aikin bincike a kan yadda muke shanya citta a Fadan Kaje. Ta zo hutu ta dame ni da tambayoyi: yaya ake tsaga ta, me ke sa ta yi baƙi? Ina faɗa tana rubutawa, har daɗi nake ji.

Sai wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan ɗaliban da ke ba wasu su yi musu aikin makaranta. Ya ce jami'a korarsu take yi, Allah kuma yana gani. Na koma gida ina ta juya maganar. (Ni ce fa wadda idan na kulle ƙofa sai na dawo daga hanya na ja kwaɗon.) Na ce shi ke nan, ai ni na yi wa yarinyar nan aikinta. Gara in faɗa da bakina ko sa tausaya mata, kafin su gano su kore ta.

Ranar da za ta kare aikin, wato ta amsa tambayoyin malamai a kansa, na ɗaura zanen zumuntar matan cocinmu, na shiga mota a Kafanchan zuwa jami'ar. Na same ta tsaye a gaban malamai, ɗalibai cike da ɗaki. Ban tsaya gaisuwa ba na zube ƙasa.

"Ranku ya daɗe, laifina ne. Abin da ke cikin aikin nan daga bakina ya fito. Kada ku kore ta."

"Mama, don Allah tashi," in ji Rifkatu, murya ƙasa-ƙasa.

Babban malamin ya cire tabarau. "Mama, ke kika rubuta?"

"A'a."

"Ta biya ki?"

"Ko sabulu ba ta saya mini ba."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ya ce, "Ai abin da muka aike ta ke nan, ta tambayi manoma. Zauna ki ji 'yarki."

Na zauna, kunya kamar in nutse. Suka yi ta jefa mata tambayoyi tana amsawa, har da abubuwan da ban taɓa sani ba game da cittar da na tsufa ina nomawa. Da aka ce ta ci, tafina ya fi na kowa ƙara.

Yanzu kafin in tuba, nakan fara tambayar Rifkatu ko abin zunubi ne.