Garin da Ba a Sauke Kaya

A wani gari da ake kira Sannu-da-Ƙoƙari, duk ranar da mutum ya buɗe shago ko ya kama aikin ofis sai a yi masa bikin ɗori. A tara jama'a, a naɗa masa gammo, a ɗora masa kaya a ka, a yi addu'a, a watse. Daga ranar kuma ba a saukewa. Ba wai an hana ba ne, a'a, shugabannin garin ba azzalumai ba ne. Doka dai cewa ta yi wanda kayansa suka taɓa ƙasa ya nuna ba ya son sana'ar, sai a rufe shagon a ba mai so.

Da farko kayan ba su da yawa. Amma garin ba ya ba da wuta, sai a ɗora maka janareto. Famfo ba ya kawo ruwa, sai a ƙara maka randa. Ba masu gadi, sai a aza maka ƙyauren ƙarfe. In ciniki ya ɗan buɗe kuwa, sai a zo a yi maka murna a ƙaro buhu biyu, ba a gaya maka abin da ke ciki. Wannan shi ake kira ci gaba, kuma da tsawon kayan ake gane babban mutum.

Kada wani ya tsare ni da tambayar yadda suke barci. Jingina suke yi da bango. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne mai kaya ba ya sunkuyawa, ba ya ɗaga kai, gabansa kawai yake kallo. Shi ya sa likitan garin yake sa maras lafiya ya miƙe tsaye kafin ya duba shi. Wanzami ƙeya da gemu kawai yake aski, sauran kan yana ƙarƙashin gammo. Tela da lalube yake ɗinki, duk wandon garin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ba wanda ya taɓa ƙorafi, tunda ba mai ganin ƙafarsa.

Mutanen da ba a ɗora wa kaya su ne Mai Gari Kishingiɗe da 'yan Majalisar Tafi. An ce aikinsu tunani ne, kuma tunani yana son kai sakayau. Hannuwansu kuwa an keɓe su don yi wa masu ƙoƙari tafi, kuma wallahi suna yi tsakani da Allah.

To, a Kasuwar Daure-Dai akwai wani tela, Haladu, wanda kayansa sun kusa tsawon rumfar kasuwa. Shagonsa ne ke ci da gidansu kakaf. Ƙanwarsa Dije a da tana da shagon ƙosai, amma da mahaifiyarsu Inna Kuluwa ta kwanta ciwo sai ta jefar da kayanta don ta yi jinya. Aka rufe shagon, mutanen gari suka sa mata suna Raguwa. Shi kuwa Haladu kullum yamma sai ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya gaishe ta daga waje, don ƙofar gajera ce, kayansa ba sa shiga.

Ran nan Dije ta fito idanunta jawur.

"Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. Ta ce ka shigo ta ɗora hannu a kanka ta sa maka albarka. Shi kaɗai take ta maimaitawa."

"Ki ce mata ta sa daga nan mana, ina ji."

Daga cikin ɗaki muryar tsohuwa ta fito a hankali. "Kan da na yi wa wankan jego nake so in taɓa, Haladu. Ba da baki zan aiko ba."

Hankalin Haladu ya tashi. In ya jefar da kayan, shago ya tafi, gidan ya kwana da yunwa. Abin da yake bukata kawai a sami masu ƙarfi su riƙe masa kayan a sama na ɗan lokaci, ya shiga ya durƙusa ya fito. Dije ta gwada, ko motsa janareton ba ta iya ba. Sai ya nufi maƙwabcinsa a kasuwa, Barau wanzami, abokinsa tun suna yara.

"Barau, riƙe mini kayan nan in shiga wurin Inna."

"Haba Haladu! In na miƙa hannu sama nawa su zube. Wallahi da zuciya ɗaya zan yi maka, amma ka ga dai yadda nake. Ka je wurin masu hannu."

Masu hannu suna Ofishin Walwalar Ma'aikata, wani gini mai sanyi da ƙofa doguwa, don a nan kam an yi tunanin masu kaya. Shugaban ofishin shi ne Sarkin Gammo, Alhaji Lallausa, mutum mai fara'a da laushin tafin hannu. Ya saurari Haladu har da girgiza kai don tausayi.

"Ranka ya daɗe, ba saukewa zan yi ba. A riƙe mini kawai."

"Malam Haladu, na fahimce ka sarai. Matsalarka gammo ce."

"Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce."

"Haka kowa yake cewa. Bincikenmu ya nuna ba kaya ne ke da nauyi ba, gammo ne ke da tauri."

Aka ba shi sabon gammo na audugar rimi, mai kyau har da ɗinkin zare. Da yake ba yadda za a cusa shi ƙarƙashin kayan, sai aka ɗora shi a sama, aka ce amfaninsa zai sauko a hankali.

Washegari ya koma, ya ce har yanzu bai shiga ɗakin ba. Alhaji Lallausa ya ce ai kuwa ya zo a kan gaɓa, yau ake bitar juriya. Aka tara masu shaguna da ma'aikatan ofis a tsaye cikin rana. Mai koyarwa wani ƙato ne, Malam Natsuwa, ƙwararre kan kwanciyar hankali, wanda tun da aka haife shi ko ƙwarya bai taɓa ɗauka a ka ba. Ya koya musu jan numfashi ta hanci da fitarwa ta baki. Ya ce kowa ya rufe ido ya ɗauka kayansa gajimare ne. Wata mai sayar da tukwane ta rufe ido ta faɗi, aka rufe shagonta nan take, aka ce ba ta ja numfashin daidai ba. Waɗanda suka gama bitar a tsaye aka ba su allon yabo na katako, aka ɗora wa kowa nasa.

Haladu ya koma karo na uku, wannan karon da hawaye.

"Ranka ya daɗe, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Ga ku nan ku da yawa, ga hannuwanku. Ɗan lokaci kaɗan!"

Alhaji Lallausa ya dubi 'yan majalisa, su ma suka dube shi. Kuka a ofishin walwala, ai abin kunya ne ga gari. Suka shiga ganawa, suka fito da matsaya cewa Haladu yana bukatar kulawa ta kusa. Aka kawo tsani aka jingina da kayansa, Malam Natsuwa ya hau can ƙoli ya zauna a kan sabon gammon nan, ya buɗe lema. Daga ranar duk inda Haladu ya sa ƙafa, murya na saukowa daga sama tana ƙarfafa masa gwiwa.

"Madalla! Ka fi ƙarfin abin da ke kanka! Ja numfashi!"

"Malam, ƙafata rawa take yi."

"Alamar girma ce. Tsohon Haladu ne ke fita, sabo na shigowa."

Amma kada a ce majalisa ta manta da Inna Kuluwa. Ina! Mai Gari Kishingiɗe da kansa ya ce a garinsa ba za a raba mutum da iyalinsa saboda aiki ba. Tunda ƙofa ta hana kaya shiga, laifin ɗakin ne. Aka turo magina suka fasa ƙofar, suka yaye rufin gaba ɗaya. Da damina ake. Dije tana ihu tana rufa wa tsohuwa tabarma, maroƙi yana shela a waje cewa an daidaita aiki da iyali.

Haladu ya shiga ɗakin uwarsa, karo na farko tun ranar da aka yi masa ɗori, da janareto da randa da ƙyaure da buhuna da allon yabo da Malam Natsuwa. Ya tsaya a bakin shimfiɗa. Bango kawai yake gani, da ƙusar da Inna take rataye carbi.

"Inna, ga ni."

"Sunkuyo."

Ya lanƙwasa gwiwa kaɗan, kayan suka karkata, randa ta fara zuba.

"Kai, kai, kai!" in ji Malam Natsuwa daga sama. "Za ka kayar da ni! Tuna da shago! Tuna da bakunan da kake ciyarwa! Miƙe!"

Haladu ya miƙe. Dije ta tallafo hannun tsohuwa ta ɗaga iyakar ɗagawa. Ya ji yatsu masu sanyi sun taɓa masa ƙwauri, sun ɗan hau, sun tsaya a gwiwa. Inna ta yi wata magana, amma daidai lokacin Malam Natsuwa yana bayanin matakan cin nasara, ba wanda ya ji. Sai yatsun suka zame.

Ni dai abin nan ya ƙona mini rai, har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Amma majalisa ta ga abin alfahari. Ga mutumin da uwarsa ta rasu a gabansa kuma ko tsinke bai yar ba! Bayan an share makoki aka tara gari a Kasuwar Daure-Dai don a karrama shi. Alhaji Lallausa ya sanar cewa an naɗa Haladu Malamin Juriya, kuma mai wannan muƙami ba ya ɗaukar kaya.

Malam Natsuwa ya sauko ta tsani. 'Yan majalisa huɗu suka naɗe hannun riga, suka kama kayan, suka ce bismillah. Kafin ka ce kwabo kayan suna ƙasa. Ko gumi ba su yi ba, ɗaya ma bai ajiye goron da ke hannunsa ba.

Haladu ya tsaya yana kallon tarin kayan. Ya kai hannu ya shafa tsakiyar kansa, inda gashi ya daɗe da ƙarewa. Dije da ke gefe ta ce, "Ashe haka abin yake da sauƙi, Yaya?" Iska tana taɓa masa kai, kuma, Allah ya gafarta masa, daɗi yake ji.

Aka ɗauki tsanin aka jingina da kayan Barau wanzami, don an lura kwanan nan yana yawan nishi, yana bukatar kulawa ta kusa. Aka miƙa wa Haladu lema. Da ya matso, Barau ya yi ƙasa da murya.

"Alhamdu lillahi, Haladu, yanzu kai ma mai hannu ne. Matata ta haihu, namiji, har an yi suna ban ga fuskarsa ba. In an miƙo mini shi sai dai in ji kuka. Kai da Dije da wasu biyu, ku riƙe mini ɗan lokaci kaɗan."

Haladu ya dubi Barau. Ya waiwaya ya dubi nasa kayan da ke ƙasa, waɗanda ba a kwashe ba tukuna, an ce a bar su kusa ko da sabon malami zai kasa aikin. Ya dubi tsani. Sannan ya soke lemar a hammata ya ɗaga hannuwansa biyu.

Daga nan ban ga abin da ya faru ba, jama'a sun tare ni, kuma nawa kayan ba sa barina in ɗaga kai. Na dai ji tsani ya yi ƙara. Na ji Barau ya yi nishi. Sai muryar Haladu, wadda na sani tun muna yara, ta sauko daga sama, tana ɗan rawa da farko, sannan ta daidaita.

"Ja numfashi, Barau. Ta hanci."